Gaisuwar da Ta Kusa Kashe Kogi

Da sunan Wanda ya rataye girgije ba igiya, ya zuba kogi ba tulu, ya raba wa kowace ƙasa rabonta na rana da na inuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Yalwa, mutumin Kwarin Gawasa, wanda ya bar gida da ƙafa biyu da baki ɗaya. Ƙafafun suka kai ni inda ba a aike ni ba, bakin kuwa ya kusa ba da garinmu kyauta. Ga yadda abin ya kasance, ban ƙara masa gishiri ba, sai dai inda mantuwa ta rage.

Garinmu yana kwance ne a bakin Gulbin Sanyi, ruwan da in ka shiga har ƙugu kana iya ganin farcen ƙafarka. Muna da kifi, muna da dajin gawasa, muna da wani tsauni mai korayen duwatsu da muke wasan dara da su. Abin da ba mu da shi shi ne abin da zai riƙe saurayi. Damina ta wuce, a girbe, sai a zauna a yi ta kallon ruwa yana tafiya ƙasar wasu. Ni kuwa tun ina ƙarami zama bai karɓe ni ba. Da na ji fatake suna labarin biranen da ake cin tuwo a kwanon tagulla, sai na ce ba zan tsufa ina kallon ruwa ba, zan je in ga da me birane ke arziki, in ɗauko in kawo gida.

Ranar da zan tafi Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko gora, ta cika, ta ɗaura mata igiyar rama mai ƙulli uku, ta rataya min.

Ta ce, "Ka tafi da ita cike, kada ka dawo min da ita wofi. Inda duk ka zauna ka ɗebo min ruwansu in ɗanɗana, in san abin da ɗana ya sha."

Na ce, "Inna, zinariya zan kawo miki, kina zancen ruwa."

Ta ce, "Zinariyar ka kai wa matarka. Ni haƙorana ba za su iya da ita ba."

Na bi ayari wata biyar. Muka ƙetare hamadar da yashinta ya narke ya zama gilashi, inda raƙumi ke ganin fuskarsa a ƙasa ya ƙi tafiya sai an rufe masa ido. Muka shiga jiragen ruwa muka gangara wani teku mai ɗaci. A can gaba na rabu da ayarin, don na hango wani baƙin girgije tsaye wuri ɗaya, aka ce min ba hadari ba ne, Birnin Tagulla ne. Kwana uku na yi ina tafiya wajensa kafin in taɓa ƙofarsa.

Jama'a, ban taɓa ganin dukiya irin wannan ba. Ƙyauren ƙofa tagulla, kwatarniyar wanki tagulla, har akushin kare. Bututun hayaƙi sun fi itatuwan dajinmu yawa, itace kuwa ko ɗaya babu, an sare an yi gawayi tun zamanin kakanni. Rana ba ta fitowa a garin, sai wani jan tabo a sama kamar ƙuna. Ladan ba ya duba inuwa, ƙararrawa ake buga masa ya san azahar ta yi. Masu hali suna zaune can kan tudu, sama da hayaƙi, sama da kogi. Daga can ake ɗuro iska mai kyau a salka a sauko da ita kasuwa ana talla, "Ga iska, ga iska." A garinmu in an ce maka ɗan iska faɗa ne, a can sana'a ce mai daraja, har ana gadonta.

Kogi ya ratsa tsakiyar birnin. Da safe kore ne, da rana ja, da yamma ba shi da launin da na san sunansa. Na tambayi wani mai gadi, wa ya ɓata kogin nan haka? Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Wane kogi? Wannan Kwata ce." Ashe da ƙorafi ya yi yawa sarkinsu ya kafa doka mai tsanani, duk wanda ya ɓata kogi a yanke masa hannu. Masu murhun narka tagulla suka hau tudu suka gaishe shi. Kashegari aka yi shela cewa an sake wa kogin suna. Tun daga ranar ba a ƙara samun wanda ya ɓata kogi ba.

Akwai doka ta biyu. Kowa a garin yana tari, amma kalmar tari haramun ce, don tana ɓata wa birni suna wajen fatake. Mai yin tari laifi ya yi. Wanda ya kai ƙararsa kuma dole ya faɗi abin da ya ji, faɗin kuwa bulala arba'in ne. Saboda haka in mutum ya sarƙe a kan titi, sai ka ga kowa ya ɗaga kai yana nazarin sama.

Na sami aiki wajen wani attajiri, Hambali Mai Murhu Saba'in. Aka ba ni zugazugi, aka haɗa ni da wani tsohon mai narka tagulla, Baba Cindo, wanda ƙirjinsa ke kuka kamar tsohon ƙyaure. Shekara bakwai ina zuga. Na sa rigar da ban taɓa mafarki ba, na ci nama kullum, na koyi gane dutsen tagulla da ido, na koyi zafin wuta daga launinta. Amma a garin ba a gaisuwa. In kun haɗu da mutum sai ya ce, "Nawa ka narka?" ka ce, "Da yawa," kowa ya wuce. Ba mai tambayar ka kwana lafiya, ba mai tambayar mutan gida. Na kan koma ɗaki in dubi gorar Inna a rataye, busasshiya, in ce mata ina gajiya, in amsa wa kaina ba gajiya.

Baba Cindo kaɗai ke min magana irin ta mutane. Wata rana muna jiran wuta ta nuna, na ce, "Baba, haka Allah ya halicci ruwan nan?"

Ya waiga hagu da dama, ya ce, "Ɗan nan, na yi iyo a cikinsa. Ubana yana da murhu biyu a bakinsa. Ruwan wankin dutse ba ya komawa kogi sai ya bi rami uku, na toka, na gawayi, na yashi, sannan ya ratsa ciyawar fadama. Ba don tsoron sarki ba. Gidanmu yana ƙasa da magudanar ne, abin da ya zuba da safe shi za mu sha da rana."

"To me ya faru?"

"Arziki ya zo, masu murhu suka ƙaura kan tudu. Ranar da mai murhu ya daina shan ruwan da ke ƙasa da murhunsa, ranar aka cike ramukan aka gina sabon murhu a kai."

Ga inda bakina ya ci ni. A shekara ta bakwai aka yi ruwan farkon damina, baƙin ruwa mai huda tufa, wanda in ya sauko kowa ke gudu ya ɓuya. Muna fake a rumfa sai ga maigida Hambali da mutanensa sun shigo. Ƙanshin ƙasa bai tashi ba, amma ƙarar ruwa a kan rufi ta mayar da ni gida, har na manta inda nake. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina ruwa?"

Kowa a rumfar ya waigo. A can, ka tambayi mai murhu ruwa, kamar ka tambayi ɓarawo akuya ne. Wani dogarinsa ya cafki wuyan rigata. Na yi maza na ce, "A gafarce ni, gaisuwar garinmu ce ta damina. In an ce ina ruwa, sai ka ce ruwa ya yi gyara. Shi ke nan."

Hambali ya ɗaga hannu aka sake ni. Ya ce, "Gyara? A wace ƙasa ce ruwa ke gyara?"

Shekara bakwai ba wanda ya tambaye ni garinmu. Sai bakina ya ɓalle kamar an fasa tulu. Na ba shi labarin Gulbin Sanyi da farin yashinsa. Na ba shi labarin dajin gawasa da ba a taɓa kai masa gatari ba. Ya sa aka ba ni kujera, ya ce ci gaba, samari. Na ci gaba. Na faɗi hamadar gilashi da teku mai ɗaci, na faɗi mashigin da ake juyawa dama. Har korayen duwatsun da muke dara da su na faɗa, ina dariya. Ina cikin faɗar na ji kalmar ta yi nauyi a bakina, don na san abin da koren dutse yake, dutsen tagulla ne. Na dubi Baba Cindo. Ya sunkuyar da kai.

Hambali ya ce, "Ruwa, itace, dutse, duk wuri ɗaya, kuna wasan dara da su. Allah ya yi maka albarka, kai za ka yi mana jagora."

Aka kai ni wani gida a kan tudu, aka ce ni babban baƙo ne, aka sa masu gadi huɗu a ƙofa saboda girmamawa. Ta taga ina kallon ana lodin tubalin murhu a jirage. Rana ta shida Baba Cindo ya hawo da sunan kawo min kayana, har da gorar.

Ya ce, "Ni ma an sa ni a tafiyar, ni zan gina musu murhun farko. Ko da kai ko ba kai za su je, ka riga ka zana musu hanya. Amma akwai yanke ta Ƙasar Murhu Sanyi, in ƙafarka na da kyau."

"Baba, ta ina zan fita? Mutum huɗu ne a ƙofa."

Ya ce, "Kai ma sai ka ce ba a garin nan ka yi shekara bakwai ba." Ya dafa ƙirjinsa.

Da hantsi na rataya gora, na buɗe ƙofa, na saki tari. Ba na wasa ba, tarin shekara bakwai da na yi ta haɗiyewa. Masu gadin nan huɗu suka ɗaga kai sama lokaci ɗaya. Na ratsa tsakaninsu ina tari, na gangara tudu ina tari, na bi ta kasuwa, mutum dubu suna nazarin hayaƙi. A babbar ƙofa shugaban masu gadi har juya baya ya yi yana gyaran takalmi. Da na fita, na tsaya inda Kwata ke barin gari. Inna ta ce kada in dawo da gora wofi. Na cika ta, na toshe da kakin zuma, na kama hanya. Daga wannan rana, da tafin hannu nake shan ruwa.

Bayan kwana ashirin na shiga Ƙasar Murhu Sanyi. Idona ya ga kore har ya yi ciwo. Tsuntsaye kamar a yi shara, ruwa garai-garai, iska kyauta. Na ce to, ga aljannar duniya. Amma na wuce ƙauye uku ban ga hayaƙin girki ba, ban ji ƙarar maƙera ba, ban ga saurayi ko ɗaya ba. Sai tsofaffi suna tonon ƙasa da tsinken itace.

Wata tsohuwa mai suna Gwamma ta ba ni ruwa da jiƙaƙƙen gero ɗanye. Ta ce da can su ma suna da murhu ɗari, har shekarar da yara suka yi ta mutuwa. Dattawa suka taru suka rantse ba za a ƙara hura wuta a ƙasar ba, ko ta narka, ko ta ƙira, ko ta tuwo. Ruwa ya warke. Fartanya ta cinye ba mai yin wata.

Na ce, "Iya, ina samarinku?"

Ta ce, "Suna inda ka fito, suna zuga. Na ji warin a jikinka tun daga nesa. Ko ka ga wani dogo mai wushirya, Shekarau? Yana ɗan ɗingishi."

Na ga dogaye masu ɗingishi sun fi ɗari, ba wanda na taɓa tambaya sunansa. Na ce mata ban gan shi ba. Ta gyaɗa kai, ta ƙara min gero.

Ban gama ci ba sai ga masu sansana, wato dogaran ƙasar, tsofaffi shida masu dogon hanci. Suka zagaye ni suna jan iska. Babbansu ya ce warin wuta ne, hukuncinsa a tsoma ni a tafkin gari har wuya, kwana arba'in, sai warin ya fita. Kwana arba'in, jiragen Hambali kuwa suna tafiya.

Na ce, "Ban ƙi ba, iyayena. Sai dai ku sani, gorar nan ruwan Birnin Tagulla ne a ciki, kuma na yi wa mahaifiyata alkawari ba zan cire ta daga wuyana ba. Ku tsoma mu tare. Kakin da na toshe ta da shi dai ba shi da ƙarfi sosai."

Suka ja da baya kamar na ce maciji. Wani ya ce a ƙwace a zubar. Babban ya ce a zubar a ina, a ƙasar wa? Wani ya ce a kore ni. Babban ya ce in ya yi tuntuɓe fa? Ƙarshe suka ɗaure gadon kara, suka ɗora ni a kai kamar gawa, ƙauye yana miƙa ni ga ƙauye, ana ta cewa a hankali, a hankali. Tafiyar kwana goma sha biyu aka yi min ita a kwana biyar, ina kwance rungume da gora. Ban taɓa shan girma irin wannan ba, kuma ban taɓa jin kunya irinta ba, don wanda ya fi ƙuruciya cikin masu ɗaukata ya haifi ubana.

Duk da haka mutanen Hambali sun riga ni. Zazzaɓi ya kwantar da ni wata guda a wani kango, ni kaɗai. Ranar da na hango dajin gawasa, na hango jirage tara a ɗaure a bakin Gulbin Sanyi.

Na shiga gari ba wanda ya gane ni. A ƙofar kowane gida akwai sabon kwanon tagulla yana ƙyalli, kyautar baƙo. Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake da lalube, idonta ya yi fari. Na yi sallama. Ta amsa, ta ce, "Bawan Allah, in wajen baƙin nan kake nema, suna gidan mai gari."

"Inna, ni ne Tunau."

"Tunau muryarsa ba haka take ba."

Hayaƙi ya cinye muryar da ta sani. Na durƙusa na kama hannunta na ɗora a kan igiyar gora. Ta bi ta da yatsa, ƙulli ɗaya, biyu, uku. Sannan ta jijjiga gorar ta ji nauyi, ta ce, "Ka cika alkawari. Buɗe in sha."

Na ce, "Ba yau ba, Inna."

Kashegari da safe aka taru a gindin tsamiya don mai gari Nomau ya ba Hambali amsa. Da aka ji na dawo sai aka yi ta shi min albarka, wai ni na turo wa gari arziki. Hambali ya yi murmushi ya ce, "Ga jagoranmu da ya yi sauri ya riga mu, ya kuma zo a baya." Aka yi dariya. Baba Cindo yana can gefe a tsugune, ya rame.

Na miƙe na faɗi abin da na gani, rana mai kama da ƙuna, iskar sayarwa, kogin da aka sake wa suna. Ban kai ƙarshe ba wata mata, Lantana, ta katse ni.

Ta ce, "Tunau, kai da ka gudu don ba abin yi, yau kai ne mai hana mu abin yi? 'Ya'yana uku sun bi sawunka, ko labarinsu ba na ji. Ka je ka ci nama shekara takwas, ka dawo ka ce mu ci gaba da kallon ruwa. Ruwan za mu aura wa 'yan matanmu?"

Aka ce gaskiya ne. Ni ma na san gaskiya ne, don fuskar Gwamma ce ta tsaya min a ido. Na zo da niyyar in ce a kore su, sai na ji kalmar ta ƙi fita.

Na juya wajen mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce a ƙi ba. Amma wannan ubangidana ne, shekara bakwai ina cin abincinsa, ya zo garinmu ban ba shi ruwa ba. A bar ni in fita kunya."

A garinmu ba a magana da baƙo sai ya sha ruwa, wanda ya ƙi sha kuwa ba da alheri ya zo ba. Mai gari ya ce wannan haƙƙi ne. Na karɓi kwanon tagullar Lantana, na ɓalle kakin, na tsiyaya. Wari ya tashi, na gaba suka toshe hanci. Ana kallo cikin kwanon ya dushe, ya yi kore, ya yi baƙi. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu.

"Maigida, ga ruwa. Na garinku ne, don kada baƙon ruwa ya ɓata maka ciki."

Hambali bai girgiza ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin mai gari, yaron nan ruwan kwata ya ɗebo. Kowane gari yana da kwata."

Na ce, "Haka ne. Kafin ta zama Kwata, mene ne sunanta?"

Hambali ya kau da ido. Sai aka ji tari daga gefe, dogo, mai tsaga ƙirji. Mutanen Hambali duk suka ɗaga kai sama. Mutanenmu kuwa suka juya gaba ɗaya suna sannu, sannu Baba, a kawo masa ruwa. Tsohon ya dube su kamar bai gane yaren ba. Ina jin shekara hamsin ke nan ba a yi masa sannu ba. Ya sha ruwan Gulbin Sanyi, ya goge baki, ya ce, "Farin Gulbi. Sunansa Farin Gulbi. Ya fi naku haske."

Mai gari Nomau ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Tunau, kai ka ga can, ka ga nan. Me kake so a yi?"

Na ce, "A gina murhu. Amma ruwan wankin dutse ya bi rami uku kafin ya koma gulbi, Baba Cindo ya san yadda ake yi. Itacen da aka sare a dasa biyu. Mai murhu kuma ya gina gidansa ƙasa da magudanarsa, shi da iyalinsa, kowace safiya ya ɗebi ruwan wurin ya sha a gaban mutane kafin a hura wuta."

Hambali ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce da wannan sharaɗi ko murhu biyar gulbin ba zai ɗauka ba, shi kuwa ɗari ya zo ginawa, kuma ga tsauni can mai kyaun iska, nan ya zaɓa wa gidansa. Mai gari ya ce sharaɗin ke nan. Kafin la'asar mutanensa suka bi gida gida suka karɓe kwanukan, ban da na Lantana. Da zai shiga jirgi ya ce min, "Samari, duniya da faɗi. Akwai wani kogin, akwai wani mai surutu irinka." Na tsaya a gaɓa har jiragen suka ɓace, maganar kuwa har yau tana raina.

Baba Cindo ya ƙi shiga jirgi. Ni da shi muka haƙa ramuka uku, muka gina murhu biyu, daga baya suka zama huɗu. Ya yi damina biyu da mu, Allah ya karɓi abinsa, muka binne shi inda ake jin ƙarar ruwa. Yanzu muna ƙera kwano da munduwa da buta, fatake sun fara tsayawa. Samari goma sha ɗaya suna aiki a wurin. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Lantana ya dawo, biyu ba su dawo ba, kuma in mun haɗu a hanya ba kullum take amsa min ba. Akwai masu cewa da ban zo da gorata ba da yanzu garin ya zama birni. Ba ƙarya suka yi ba.

Da yake ni ne mai murhun, gidana yana can ƙasa da magudana, shi kaɗai, bayan ciyawar fadama. Kowace safiya nakan tsuguna in ɗiba in sha, masu zuga suna tsaye a kan gaɓa, babbansu ya ce, "Ina ruwa?" Ba gaisuwa ba ce yanzu, jira suke. Bara ramin gawayi ya toshe, na ji ɗaci a bayan harshena, ana saura kwana shida babbar kasuwa. Na daɗe a tsugune. Na ce bai yi gyara ba. Aka kashe wuta kwana goma sha tara, fatake suka juya wofi, a kwanakin nan ko kare bai leƙo gidana ba.

Tsohuwar gorar na binne ta a ramin toka. Igiyar na kwance na ɗaura wa sabuwa. In na sha na ji lafiya, sai in cika ta in hau gari in kai wa Inna. Takan bi igiyar da yatsa tukuna, kamar har yanzu ba ta gama yarda da muryar ba. Ranar farko da na kai mata ta sha, ta juya shi a baki, ta haɗiye.

Ta ce, "Wannan ai ruwan gida ne. Shekara takwas kana yawo, abin da ka kawo min ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Inna."

Ta miƙo hannu ta ce, "Ƙaro."

Nan labarin ya tsaya, ba don ya ƙare ba, sai don gulbin yana tafiya, gobe kuma akwai safiya. Allah ya sa in an tambaye mu mu faɗi abin da harshenmu ya ji.